Maganin Da Na Daina Sha Saboda Koci

Sallama gare ku, ku da kuke karanta ni a waya. Yau ba zan yi kewaye-kewaye ba, don in na tsaya neman hanya mai kyau ta faɗa, ba zan faɗa ba har abada. Shekarata ashirin da huɗu, kuma ina da hawan jini tun ina da ashirin. Ban da Mama da Yayata da likita da wasu maza biyu da za ku ji labarinsu, ku ne kuka fara ji daga bakina.

A gida Shiru-shiru ake ce mini. In baƙo ya shigo, ni ce mai ajiye ruwa ta juya kafin a ce an gode. Makaranta a aji biyar na tsaya, daga nan aka kai ni shagon ɗinkin labule, inda nake har yau. Aikina kalmasa bakin labule da sa masa zobba, a can ƙuryar shago kusa da teburin guga, inda ba wanda zai tambaye ni komai.

A nan Koci ya same ni. Shi ne mai ɗakin motsa jiki da ke saman kantin taya, kowa Koci yake ce masa, har tsofaffin da suka haife shi. Ya zo ne a ɗinka masa labule don matan da ke zuwa wurinsa sun yi ƙorafin masu wucewa suna leƙensu. Sau uku yana kawo awon taga ba daidai ba. A na ukun uwar ɗakina ta ce masa, in dai tagar ce ta kawo shi to ga tef nan ya ɗauka, in kuma mai sa zobba ce, ya nemi gidansu ya bar ɓata mata yadi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce a ba shi kwatancen gidan.

Wata bakwai ke nan yana zuwa. Dogo ne, baƙi, kullum cikin riga mai gajeren hannu da agogon roba, kuma bai iya zama wuri ɗaya ba, ko a kujera yake ƙafarsa tana rawa. Mai labule yake kirana. Bai taɓa ce mini in ƙara magana ba. Ya ce hayaniya ya wuni a cikinta, shiruna ne hutunsa.

Wani yammaci muna zaune a bencin ƙofar gidanmu ya ba ni labarin mahaifiyarsa. Hawan jini ne ya kayar da ita a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye. Shekara shida shi ke juya ta, shi ke ba ta abinci da cokali yana goge abin da ya zubo ta gefen baki, har ta rasu. Dalilin da ya sa ya shiga harkar motsa jiki ke nan. Ya daɗe yana kallon titi, sannan ya ce,

"Mai labule, komai zan iya ɗauka a duniyar nan. Talauci, wulaƙanci, komai. Amma in sake zama gefen gado ina kallon bakin da ya karkace, wannan kam ban jin zan iya."

Na ce Allah ya ji ƙanta.  

Da na shiga gida na gaya wa Mama, sai ta rufe ƙofar ɗaki ta zaunar da ni. Kada ku zagi Mamata. Kafin Koci akwai wani da ya nema, har magana ta yi nisa, ni da kaina na gaya masa gaskiya. Bayan sati guda uwarsa ta aiko cewa ba za su ɗauki yarinya mai ciwon tsofaffi ba, wai ko haihuwa ba lallai ta iya ba. Mama ta yi kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Saboda haka wannan karon ta kafa mini doka: ba zan faɗa ba sai bayan an ɗaura, ba zan sa magani a jakata ba tunda yakan karɓa ya riƙe mini, kuma kwalin maganin a ƙone shi. Ƙwayoyin ta zuba su a ƙasan gwangwanin maɓallai da ke kan kabad, ta rufe da tsumma. Ranar da Koci zai ci abinci a gidanmu, 'yar tukunyata da ake dafa mini ba gishiri takan ɓace daga kicin, in ci irin na kowa ina murmushi.

Yayata, wadda take aure a bayan layinmu kuma kullum tana gidanmu kamar ba a kai ta ba, ta ce wannan ba dabara ba ce. Mama ta ce mata ita da ta samu nata ta rufa mana baki.

Sai ga saƙo a wayata wani dare kafin in kwanta:

"Mai labule, gobe ƙarfe shida a filin wasa. Matar Koci ba za ta riƙa haki a kan matakalar bene ba. Ki sa takalmin da na sayo miki, ba wannan silifas ɗin da ya ga duniya ba."

Yana da ƙungiyar masu tattaki da safe, mata da dattawa kusan ashirin. Takalmin fari ne da ratsin ruwan hoda, na ajiye shi a kwalinsa sati biyu don ina jin kunyar taka ƙasa da shi. Na sa doguwar riga mai faɗi ruwan toka, da wando a ciki, da ƙaramin mayafi baƙi da na soke da allura a ƙarƙashin haɓa. Yaya ta ƙare mini kallo ta ce na yi kama da buhun da aka saya wa takalmi.

To, a nan ne na yi wautar da ta kawo mu yau.

Maganina ƙwaya ɗaya ce da safe, magani biyu ne a cikinta, ɗayan kuma yana sa fitsari. Ranar farko na sha kamar kullum na tafi. Ba mu gama zagaye na biyu ba marata ta cika. Banɗakin filin yana can ƙarshe bayan allon maki, a kulle, makullin yana hannun mai gadi. Ke nan sai na fita daga layi a gaban mutum ashirin, na gaya wa Koci inda zan je, na roƙi wani namijin makulli, na dawo kowa ya san abin da na je yi. Ni da ko a gida ba na iya fitowa banɗaki in akwai baƙo a falo. Na daure har hawaye ya taru mini. Koci ya zaci gajiya ce, ya ce haka ranar farko take.

Washegari na buɗe gwangwanin, na kalli ƙwayar, na mayar da murfi. Na ce in na dawo zan sha. Amma daga fili shago nake wucewa, magani kuma yana gida, in na sha da yamma barci ba zai yiwu ba. Da farko kwana uku ne a sati. Da Koci ya ga ina ƙoƙari ya mayar da ni kullum ban da ranar hutu. Ban ji komai ba. Kai bai yi ciwo ba, ido bai yi duhu ba, har jikina ya yi sauƙi, rigunana suka fara yi mini yawa. Na fara raya wa kaina cewa wataƙila tattakin ya warkar da ni. Don kada Mama ta gane, kowace safiya ina ɗaukar ƙwaya ɗaya in jefa a magudanar ruwa. Sati bakwai ina haka.

Ranar da abin ya faru, Koci ya ce yau masu ƙarfi za su hau matakalar 'yan kallo da gudu. Guda arba'in da biyu ce, na sha ƙirga su. Ya zaɓi mutum shida, ya juyo ya ce, "Mai labule, nuna musu." Da ya faɗi haka a gaban mutane, ko wuta ce zan shiga.

Hawa na biyar na kai sama ke nan, sai robar ruwan da ke hannuna na dama ta faɗi ta gangara. Ban sake ta ba. Na kalli hannun, yana nan a jikina amma kamar na wani ne aka rataya mini. Koci ya hau da gudu riƙe da robar yana dariya, yana tambaya ko lafiya. Na buɗe baki in ce ba komai, harshena ya yi nauyi kamar an jiƙa tsumma an cusa mini. Kalmar tana cikin kaina, na san ta, amma ta ƙi fitowa. Na ji gefen leɓena yana zamewa. Da hannun hagu na ja mayafi na rufe bakina, na zauna a kan siminti, na sunkuyar da kai.

Ya tsuguna a gabana ya ce ni dai kunyar nan tawa ba za ta bar ni ba, don an yabe ni a gaban mutane shi ne har da rufe fuska. Ya ajiye mini robar ya sauka wurin sauran. Mutumin da ya yi shekara shida yana kallon wannan ciwo, ga shi a gabansa tsawon hannu ɗaya, bai gane ba, don ya saba in yi shiru.

Kamar minti goma, sai na ji yatsuna suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Na kira sunana a hankali a cikin mayafi, ya fito. Na sauka da ƙafata, na hau mota zuwa gidan Yaya.

Yaya ba ta yi wasa ba ranar. Ko mayafinta a hanya ta gyara. A asibiti suka riƙe ni har magariba, aka ɗebi jini, aka sa kaina a na'ura, aka manna mini wayoyi a ƙirji. Likitar da ke duba ni tun farkon ciwon, wata siririya mai tabarau, ta tambaye ni ko ina shan magani. Na kalli Yaya. Ta sake tambaya. Da na gaya mata dalili ba ta yi dariya ba, kuma ba ta yi faɗa ba, cire tabarau ta yi ta murza ido. Yaya ce ta juya fuska bango.

Likita ta juya takarda ta zana mini bututu da biro. Ta ce a cikin jini akwai ƙananan ƙwayoyi masu manne wa juna su toshe rauni, da ba don su ba ɗan yanka zai iya kashe mutum. Idan ana motsa jiki mai tsanani, na ɗan lokaci jini yakan ƙara saurin daskarewa, ga kowa ma, sai dai jikin mai lafiya yana narkar da abin yana tafiya. Amma mai hawan jinin da ba a sauke ba, cikin jijiyoyinsa ya riga ya sha wuya, ya yi kaushi, gudan jini ya fi samun wurin maƙalewa. Ta ce maganina ba mai tsinka jini ba ne, aikinsa sauke matsi. Sai dai idan matsi ya sauka jijiya takan huta, kuma masu bincike suna ganin wasu daga cikin irin waɗannan magunguna suna rage wannan saurin daskarewa lokacin motsa jiki, ko da yake ba a gama tantance iyakar hakan ba. Ni kuma na cire kariyar gaba ɗaya, sannan na hau matakala da gudu.

Ta ce bisa dukkan alamu ɗan gudan jini ne ya toshe wata hanya a ƙwaƙwalwata ya kuma wuce da kansa, kuma ba kullum yake wucewa ba. Ta ce motsa jiki ba abokin gabana ba ne, nan gaba ita da kanta za ta ce in koma tafiya a hankali, kuma batun fitsarin da na faɗa mata tun farko da ta canza mini ƙwayar cikin minti ɗaya. Ta canza ɗin, ta ƙara mini wata ƙarama mai hana jini dunƙulewa. Gudu da matakala kuwa ta hana sai matsin ya daidaita. Da za mu fita ta riƙe hannuna na dama ta ce,

"Wanda kike motsa jiki a hannunsa dole ya sani. Ba don soyayya nake faɗa ba. In ya sake zuwa, shi ne zai kasance kusa da ke, kuma mintuna ake da su."

Mama ta yi kuka da ta ji, kuka na gaske, ta rungume kaina tana cewa ita ta jawo. Na ɗauka shi ke nan dokar ta faɗi. Da ta share hawaye sai ta tashi ta ɗauko bandeji a aljihun kabad, ta ce in miƙo ƙafa. Saura wata biyu iyayensa su zo, ta ce. Ƙaryar gurɗewar ƙafa za ta kai mu sati uku, kafin nan jini ya sauka, bayan nan a san abin yi. Yaya ta ce, "Mama, yarinyar nan ta leƙa kabari yau da safe." Mama ta ce ta sani, kuma ta san irin rayuwar da ke jiran mace mai wannan ciwo in ta wuce talatin a ɗakin uwarta. Ba wanda ya tambaye ni.  Na miƙa ƙafar hagu mai lafiya aka naɗe.

Na rubuta masa cewa na gurɗe a hanyar gida. Amsa ta zo kafin in ajiye wayar:

"Laifina ne, na matsa miki. Ki sa ƙanƙara minti ashirin, ki ɗora ƙafar a kan filo. Sati biyu za ki dawo, matakala tana jiranki."

Kullum da safe yana turo mini hoton fili da rubutun "gurbinki". Kullum ina mayar masa da hoton murmushi. Na rubuta gaskiya a wayar nan ya fi sau goma, in kai ƙarshe in goge. Da ya zo dubiya ya ce bari ya duba ƙafar tunda aikinsa ne, Mama ta ce bai kamata ba tukuna, ya ba da haƙuri har da sunkuyar da kai. Rannan da na tashi rako shi na ɗingisa da ƙafar dama. Yaya ce ta taka ni ta raɗa mini cewa ko ƙaryar ma ban iya ba.

Jinin kuma bai sauka yadda Mama ta lissafa ba. Yau da safe na auna a kantin magani, na sama ɗari da sittin da takwas. Mai kantin ya ce sabon magani yakan ɗauki lokaci, in koma wurin likita cikin satin nan.

Yau ɗin dai, bayan la'asar, Koci ya yi sallama riƙe da ƙaramar jaka baƙa. Ina zaune a doguwar kujera cikin rigata shuɗiya mai maɓallai a hannu, ƙafar bandeji a kan filo. Fuskarsa cike da murna. Ya ce ya je wani horo na kwana biyu, an nuna musu haɗarin sa mutum motsa jiki mai ƙarfi ba a san matsin jininsa ba, ya ce shi da ya kamata ya fi kowa sani ya yi shekaru yana sakaci. Daga gobe ba mai taka masa matakala sai an auna shi. Ya zuge jakar ya fito da sabuwar na'urar awo, ko ledar jikinta bai ɓare ba. Ya ce gidan da ya fi ƙauna zai fara gwadawa.

Mama ya fara yi wa. Na'urar ta yi gurnani ta saki, ya karanta ɗari da ashirin da huɗu, ya ce Mama ta fi 'yan matansa na fili lafiya. Mama ta yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Yaya ta miƙa nata, ya ce ta rage shan zaƙi, ta ce sai dai ya gaya wa mijinta ya rage ɓata mata rai. Sannan ya jawo ƙaramin tebur gabana, ya buɗe maɗaurin hannun.

Mama ta miƙe ta ce shayi zai huce, a bari sai an sha. Ya ce minti ɗaya ne. Ta tsaya a bayansa, bakin ƙofar kicin, tana girgiza mini kai a hankali. Yaya tana kallon silin. Shi kuma yana jira, maɗaurin a buɗe tsakanin hannayensa, yana murmushi.

Na kalli hannayen nan da suka yi shekara shida suna juya mara lafiya. Ban san daga ina muryar ta fito ba.

"Koci, ba sai ka auna ba. Zai yi sama."

Ya ce don ina jin kunya ne, kowa nasa yakan ɗan hau in yana fargaba.

"Ba kunya ba ce. Ina da shi. Shekara huɗu."

Na ji cokali ya faɗi daga hannun Mama. Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba, a hankali ya riƙa janyewa. Ya kalli bandejin, ya kalli hannuna na dama da ke kan cinyata. Ƙafarsa da ba ta taɓa daina rawa ba ta tsaya cik.

"Ranar da robar ruwanki ta faɗi," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Da kika rufe baki."

Na gyaɗa kai.

"Na bar ki a can sama ke kaɗai."

Mama ta fara magana, tana cewa laifinta ne, ita ta hana, yarinya ba ta da laifi, likita ma ta ce ana rayuwa da shi har tsufa. Bai juya ba. Ya naɗe maɗaurin a tsanake, ya daidaita bakinsa, ya ajiye a kan tebur kusa da na'urar. Ya miƙe ya ce wa Mama a gafarce shi. Ni bai ce mini komai ba. A bakin ƙofa ya daɗe yana neman takalminsa alhali yana gabansa.

Na kwance bandejin da kaina na shigo ɗaki, na zauna a ƙasa jikin bango ƙarƙashin taga, inda nake rubuta muku wannan. Mama tana falo ba ta motsa ba. Tagar nan titi take kallo, kuma na san ƙarar babur ɗinsa ko a cikin ɗari ne.

Minti arba'in ke nan da fitarsa. Bai tayar da babur ɗin ba, bai kuma ƙwanƙwasa ƙofa ba. Yaya ta leƙa ta dawo, ta tsaya a kaina ta ce yana nan zaune a kai, makulli a hannu, ya kifa goshi a kan madubi.

Ta ce in fita. Na ce in ce masa me.